Masarautar Gumel: Tarihinta da wuraren da suka yi fice a cikinta

Masarautar Gumel na ɗaya daga cikin masarautu biyar na jihar Jigawa da ke arewacin Nijeriya. Sauran su ne Dutse da Haɗejiya da Kazaure da kuma Ringim.

Ƙananan hukumomi huɗu ne ke ƙarƙashinta, wato Gumel da Maigatari da Gagarawa da Sule Tankarkar. Ta arewa kuma ta yi iyaka da jihar Damagaram ta Jamhuriyar Nijar.

Ba ta kai Kano ko Haɗejiya faɗin ƙasa ko yawan jama'a ba, amma tana da wani tarihi da ya bambanta ta da su. Gumel ba ta karɓi tutar jihadin Shehu Usmanu Ɗan Fodiyo ba, kuma ba ta taɓa shiga ƙarƙashin daular Sakkwato ba. Biyayyarta ta kasance ga Borno.

Wannan ne ya sa a tsohon lardin Kano, da kuma jihar Jigawa ta yau, ta zama tamkar tsibiri: gidan sarautar Mangawa guda ɗaya a tsakanin masarautun da Fulani ke mulki.

Tun kafuwarta har zuwa yau, rayuwar jama'arta ta dogara ne a kan abubuwa biyu, wato ruwan damina da kuma cinikin kan iyaka. Duk lokacin da ɗaya daga cikinsu ya sami tangarɗa, ba a daɗewa ake ganin alama a kasuwa da kuma cikin rumbu.

Ƙasar da yanayinta

Garin Gumel na da nisan kimanin kilomita 120 daga birnin Kano ta arewa maso gabas, a kan hanyar da ta bi ta Gezawa da Gujungu, ta wuce zuwa Malam Madori da Haɗejiya.

Ƙasar shimfiɗaɗɗiya ce mai rairayi, irin wadda Hausawa ke kira jigawa, wadda kuma daga gare ta ne jihar ta sami sunanta. Babu wani babban kogi da ya ratsa ta. Kogin Haɗejiya da fadamunsa suna can kudu, saboda haka rijiya da tabkunan da damina ke cikawa su ne madogarar mutane da dabbobi tun zamanin da.

Damina gajeriya ce, galibi daga watan Yuni zuwa Satumba. A watannin Afrilu da Mayu kuwa zafi kan haura digiri 40 a ma'aunin Salshiyos.

Ana noma gero da dawa da wake da gyaɗa, sannan a 'yan shekarun nan riɗi da zoɓo sun zama manyan amfanin gona na sayarwa.

Ƙidayar jama'a ta shekarar 2006 ta nuna cewa ƙananan hukumomin huɗu na da mutane kusan rabin miliyan. Maigatari ce kan gaba da kimanin 180,000, sai Sule Tankarkar mai kimanin 130,000, Gumel na da kimanin 107,000, yayin da Gagarawa ke da kimanin 80,000.

Mazauna yankin sun haɗa da Mangawa da Hausawa da Fulani, kuma kusan dukkansu Musulmi ne. Hausa ce harshen gida da na kasuwa, hatta a tsakanin mafi yawan waɗanda asalinsu Mangawa ne.

Kafuwar daular

Littattafan tarihi sun nuna cewa wani shugaba mai suna Ɗan Juma ne ya kafa daular wajen shekarar 1750, tare da mabiyansa Mangawa.

Mangawa wani reshe ne na Barebari, waɗanda ke zaune a arewa maso yammacin tsohuwar daular Borno, a yankin da iyakar Nijeriya da Nijar ta raba biyu a yanzu.

Jim kaɗan bayan rasuwar Ɗan Juma a shekarar 1754, daular ta shiga sahun ƙasashen da ke kai gaisuwa ga Mai na Borno. Har yanzu ana jin ƙamshin wannan dangantaka a fada, inda ake kiran ɗan sarki da laƙabin Maina, kamar yadda ake yi a Borno.

A wancan lokaci cibiyar mulkin ba a garin Gumel na yanzu take ba. Sarakunan sun zauna a Tumbi, kimanin kilomita 30 arewa, wadda a yau take cikin Jamhuriyar Nijar.

Jama'ar yankin kan kira masarautar da sunan Lautai, kuma ana jin wannan suna a bakin maroƙa da mawaƙa, sannan wata tsohuwar makarantar sakandare da ke garin na ɗauke da shi.

Tsakanin Sakkwato da Borno

Da jihadi ya ɓarke a shekarar 1804, cikin 'yan shekaru kaɗan Kano da Daura da Haɗejiya da Katagum suka koma hannun masu tuta. Daga bisani kuma aka kafa Kazaure ta yamma.

Ita kanta Borno ta girgiza, domin kuwa an ci babban birninta na Gazargamu a shekarar 1808, kafin Shehu Muhammadu al-Kanemi, wanda Hausawa suka fi sani da Shehu Laminu, ya farfaɗo da ita, ya kuma kafa sabuwar cibiya a Kukawa.

Gumel ta jure hare-haren da aka kai mata, ta ci gaba da zama a ɓangaren Borno. Ta haka ne ta zama ƙofar Borno ta yamma: duk matafiyin da ya baro Kano zuwa Kukawa, da ya iso nan ya san ya fita daga ƙasar Sarkin Musulmi, ya shiga ta Shehun Borno.

Sarkin da ya fi shahara a wannan zamani shi ne Muhammadu Ɗan Tanoma, wanda ya yi mulki daga shekarar 1828 zuwa 1851. A zamaninsa ne aka dawo da fada daga Tumbi zuwa inda take a yanzu, kuma wasu littattafan tarihi sun ba da shekarar 1845 a matsayin shekarar da aka yi wannan ƙaura.

Kasuwar kanwa

Abin da ya ɗaukaka Gumel a ƙarni na 19 shi ne kanwa. Ana haƙo ta ne a ƙasar Manga da Muniyo da kuma gaɓar tafkin Chadi, a ɗoro wa takarkarai da jakuna da raƙuma zuwa yamma.

A wancan zamani kanwa ba ƙaramar haja ba ce. Ana sa ta a miya da kunu, ana haɗa ta da taba, ana ba dawakai da shanu, ana kuma yin magani da ita. Fatake kan kai ta Kano da Nufe da Ilori, har zuwa Gwanja, inda suke sayo goro.

Gumel ta zama wurin da masu ɗauko kanwa daga gabas ke sauke kayansu, fataken ƙasar Hausa su saya su wuce da ita kudu da yamma. Sarki na samun kuɗin shiga, masu masauki da dillalai na samun la'ada, manoma kuma na sayar da hatsi da harawa ga ayari.

Bajamushen nan mai yawon bincike, Heinrich Barth, wanda ya yi amfani da sunan Abdulkarim a tafiye-tafiyensa, ya sauka a garin a watan Maris na shekarar 1851, a kan hanyarsa daga Kano zuwa Kukawa.

Ya bayyana cewa ya tarar da kasuwa cike da jama'a, ana cinikin tufafi da kayan aikin gona da tukwane da shanu da tumaki da jakuna da hatsi, kuma kanwa ce jigon cinikin.

Sai dai kuma da ya sake bi ta garin a ƙarshen shekarar 1854, ya tarar da al'amura sun sauya. Ɗan Tanoma ya rasu, rikicin gadon sarauta ya ɓarke tsakanin 'ya'yan gidan, kuma garin ya yi baya ƙwarai.

Shekarun yaƙe-yaƙe

Zama a kan iyaka na da riba, amma yana da nasa haɗarin. Tun daga shekarar 1828 Gumel ta yi ta fafatawa da Haɗejiya da Kano da kuma Damagaram.

Gabar da ke tsakaninta da Haɗejiya ce ta fi daɗewa, kuma ba ta lafa ba sai bayan da aka kashe Sarkin Gumel Abdullahi a fagen fama a shekarar 1872.

Ta arewa kuma Damagaram, wadda ita ma a da take kai gaisuwa Borno, ta yi ƙarfi a zamanin Sarki Tanimu, ta mallaki bindigogi da igwa, ta fara mamaye ƙananan ƙasashen da ke kewaye da ita.

Da Rabeh ya ci Borno a shekarar 1893, Gumel ta rasa uwar ɗakin da take fakewa a bayanta. Hare-haren kama bayi daga Damagaram a ƙarshen ƙarnin sun sa ƙauyuka da dama sun watse, yawan jama'a ya ragu.

Zuwan Turawa

Faransawa sun kama Zinder, babban birnin Damagaram, a shekarar 1899, su kuma Turawan Ingila suka ci Kano a watan Fabrairun 1903.

A wannan shekara ce Sarkin Gumel Ahmadu ya miƙa wuya ba tare da an gwabza ba. Haɗejiya kuwa ta yi tirjiya, har aka kai ga yaƙin shekarar 1906 wanda sarkinta Muhammadu ya rasa ransa a cikinsa.

Yarjejeniyoyin da Birtaniya da Faransa suka ƙulla, da kuma aikin shata iyaka da aka yi tsakanin shekarun 1906 da 1908, sun raba ƙasar Gumel biyu. Tumbi da wasu garuruwa na arewa suka faɗa ɓangaren Faransa.

Abin da ya rage, mai faɗin kimanin murabba'in kilomita 3,100, aka sanya shi cikin lardin Kano, duk da cewa tarihinsa ya fi kusa da na Borno. Sarkin Gumel ya ci gaba da riƙe hukumar En'e tasa, ba ya ƙarƙashin Sarkin Kano.

Masarautar ta kasance cikin jihar Kano bayan da aka ƙirƙiro jihohi, har zuwa ranar 27 ga watan Agustan 1991, lokacin da gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta kafa jihar Jigawa.

Wani abin lura shi ne daɗewar sarakunanta a kan karaga. Muhammadu na Kota ya yi mulki daga 1915 zuwa 1944, wanda ya gaje shi, Maina Muhammadu, ya shafe fiye da shekara 35, sannan Alhaji Ahmad Muhammad Sani ya hau gadon sarauta a farkon shekarun 1980, ya kuma haura shekara 40 yana mulki.

Garin Gumel

Fadar sarki ita ce cibiyar garin, kuma nan ne baƙo ya kamata ya fara zuwa. Sunayen unguwanni da mazaɓu irin su Ɗan Tanoma da Ƙofar Arewa da Ƙofar Yamma da Zango na tunatar da mutum zamanin ganuwa da ayarin fatake.

Lokacin da garin ya fi cika shi ne na bukukuwan ƙaramar Sallah da babba, yayin da hakimai daga sassan masarautar ke shigowa da mahayansu domin hawan Sallah da hawan Bariki.

A nan ne ake ganin dawakai cikin ado, da 'yan lifidi da 'yan sulke da 'yan bindiga, ana busa algaita da kakaki, kowane hakimi na zuwa da jama'arsa su yi jafi a gaban sarki.

Gumel ta kuma yi suna a fannin ilimi. Kwalejin horar da malamai da ke garin, wadda aka kafa tun zamanin tsohuwar jihar Kano, ta yaye malamai masu yawa da ke koyarwa a jihohin Jigawa da Kano da maƙwabtansu.

Kasuwar Maigatari

Idan kanwa ce ta ɗaukaka yankin a ƙarni na 19, to a yau dabbobi ne. Garin Maigatari, wanda nisansa daga Gumel bai kai kilomita 30 ba, yana dab da kan iyaka, kuma kasuwarsa da ke ci ranar Alhamis na daga cikin manyan kasuwannin dabbobi a Afirka ta Yamma.

Tun daga ranar Laraba ake fara ganin garkuna na shigowa daga Nijar, wasu a ƙasa wasu a mota. Akwai kuma dabbobin da ke fitowa daga ƙasashe masu nisa kamar Chadi da Mali.

An kasa karar gida-gida: ga wajen shanu, ga na raguna da awaki, ga na dawakai da jakuna, ga kuma na raƙuma, wanda shi ne ya fi ɗaukar hankalin baƙi. Ana samun farfarun shanu da jajaye masu dogayen ƙaho, da raguna irin su balami da uda.

Ciniki ba ya ƙulluwa sai da dillali. Shi ne ya san mai dabba, shi ke tsaya masa, shi ne kuma zai amsa idan daga baya aka ce dabbar ta sata ce. A gefe guda kuma 'yan canji na zaune da naira da sefa, domin kuwa farashin raƙumi ko sa na hawa da sauka ne gwargwadon yadda canjin kuɗaɗen biyu ya kaya.

Kafin rana ta faɗi ake loda dabbobin a manyan motoci zuwa Kano da biranen kudancin Nijeriya irin su Legas da Ibadan da Fatakwal. Su kuma baƙin da suka zo daga Nijar sukan koma da hatsi da tufafi da sauran kayan masarufi. Kasuwar ta fi cika a makonnin da ke gabanin babbar Sallah, saboda masu neman dabbar layya.

Baya ga dabbobi, Maigatari cibiya ce ta cinikin riɗi da zoɓo. Ana tattara su a buhuna, a tace, a tura tashar jiragen ruwa ta Legas. Ƙasar Meziko na daga cikin manyan masu sayen zoɓon Nijeriya, inda ake yin abin sha da shi.

A farkon shekarun 2000, zamanin Gwamna Ibrahim Saminu Turaki, an kafa wani yanki na musamman na ciniki maras haraji a garin, da nufin jawo masana'antu. Sai dai ya shafe shekaru bai kai ga cika burin da aka kafa shi dominsa ba.

Idan aka rufe iyaka

Dogaro da iyaka na nufin cewa shawarar da aka yanke a Abuja ko Yamai na iya tsayar da harkoki a Maigatari cikin dare ɗaya.

A watan Agustan 2019 gwamnatin Shugaba Muhammadu Buhari ta rufe iyakokin ƙasar na tudu, tana mai cewa tana son daƙile fasa-ƙwaurin shinkafa da makamai. Da aka tashi buɗewa a watan Disambar 2020, Maigatari na cikin mashigai huɗu na farko, tare da Seme da Illela da Mfum.

An sake rufe iyakar bayan juyin mulkin da sojoji suka yi a Nijar ranar 26 ga watan Yulin 2023, sakamakon takunkumin ƙungiyar ECOWAS, kuma ba a buɗe ta ba sai a watan Maris na 2024. A watan Janairun 2025 kuma Nijar ta kammala ficewa daga ƙungiyar.

A irin waɗannan lokuta dabbobi kan yi ƙaranci a kara, farashi ya tashi, masu lodi da direbobi da masu sayar da abinci su zauna babu aiki. Abin bai tsaya ga ciniki ba, domin iyalai da yawa na da 'yan uwa da surukai da gonaki a tsallaken iyakar.

Gagarawa da Sule Tankarkar

Gagarawa da ke kudancin masarautar ta shiga taswira ne saboda jirgin ƙasa. Layin dogo da ya tashi daga Kano ya isa Nguru a shekarar 1930 ya bi ta nan, kuma ta tashar ce ake fitar da gyaɗa da fatu a zamanin da ake tara dalar gyaɗa a Kano.

Shi ya sa har yanzu ake bambanta Gagarawa Gari da Gagarawa Tasha. Cinikin gyaɗar ya durƙushe bayan farin farkon shekarun 1970 da cutar da ta afka wa shukar a 1975, harkar jirgin ita ma ta ja baya.

A tsakiyar shekarun 2010 sunan Gagarawa ya sake fitowa a kafafen watsa labarai, bayan da gwamnatin jihar ta ware fili mai faɗin kimanin hekta 12,000 ga wani kamfani domin noman rake da yin sukari. Gwamnati ta ce aikin zai samar da ayyukan yi, yayin da manoma da dama suka koka kan rasa gonakin gado da kuma batun diyya.

Sule Tankarkar kuwa, wadda ke yamma da Gumel, ƙasar noma da kiwo ce, mai garuruwa irin su Ɗanzomo da Jeke da Ɗangwanki. Mai son ganin rayuwar karkara ta wannan yanki, da rumbuna da rugagen Fulani da kasuwannin mako, nan ne wurin zuwa, musamman da kaka, lokacin da ake kokawa da dambe bayan an kai amfani gida.

A gonakin ana barin itatuwa irin su kuka da aduwa da kurna da gawo. Manoma na ji da gawo, saboda yana kaɗe ganyensa da damina, ba ya tare wa shuka rana, sannan ya yi kore da rani, ya ba dabbobi inuwa da abinci.

Barazanar hamada

Babban ƙalubalen da ke gaban masarautar shi ne ƙarancin ruwa da gurgusowar hamada. Dattawa na tuna farin shekarun 1972 zuwa 1974 da na 1983 zuwa 1985, waɗanda suka hallaka dabbobi masu yawa, suka kuma tilasta wa jama'a yin ƙaura.

Tun zamanin tsohuwar jihar Kano aka fara dasa jerin itatuwa, galibi darbejiya, domin kare gonaki daga iska. Jigawa na kuma cikin jihohi 11 na arewacin Nijeriya da ke cikin shirin nan na kafa gandun itatuwa daga yammacin Afirka zuwa gabashinta, wanda Tarayyar Afirka ta amince da shi a shekarar 2007.

Amma buƙatar itacen girki da ƙaruwar jama'a na ci gaba da cin dazuzzuka, gonaki kuma na shiga burtalai, abin da kan haddasa saɓani tsakanin manoma da makiyaya. Da rani matasa da yawa kan tafi cin rani Kano da kudancin ƙasar, su dawo idan hadari ya fara haɗuwa.

Ga mai niyyar ziyara, lokacin da ya fi dacewa shi ne daga watan Nuwamba zuwa Fabrairu, yayin da zafi ya sauka, kasuwanni kuma suka cika da sabon amfanin gona.

Muhimman shekaru

Wajen 1750 - Ɗan Juma ya kafa daular tare da Mangawa.

1754 - Rasuwar Ɗan Juma. Daga bisani daular ta koma biyayya ga Borno.

1828 - Muhammadu Ɗan Tanoma ya hau gadon sarauta.

1851 - Heinrich Barth ya ziyarci kasuwar Gumel.

1872 - An kashe Sarki Abdullahi a yaƙi da Haɗejiya.

1903 - Sarki Ahmadu ya miƙa wuya ga Turawan Ingila.

1930 - Layin dogo daga Kano zuwa Nguru, wanda ya bi ta Gagarawa, ya kammala.

1991 - Masarautar ta koma cikin sabuwar jihar Jigawa.

2019 - An rufe iyakar Maigatari. An buɗe ta a watan Disambar 2020.

2023 - An sake rufe iyakar bayan juyin mulkin Nijar; an buɗe ta a watan Maris na 2024.